Hayar kwana-kwana da ƙarancin ɗakin ma'aikaci a Bompai, Sharaɗa da Challawa

A Bompai, inda masana'antu ke maƙwabtaka da manyan gidajen Nassarawa, wasu masu gidaje sun daina karɓar ɗan haya na shekara. Suna zuba kujeru da na'urar sanyaya ɗaki, su sa sola ko janareto, su riƙa bai wa baƙin 'yan kasuwa da 'yan biki haya ta kwana biyu ko mako guda. Lissafin a fili yake: kuɗin 'yan makonni kan iya kamo na shekara, kuma babu rigimar tashin ɗan haya.

Irin wannan gida ya faɗa tsakanin otal da gidan haya. Tun a 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Jihar Legas, cewa rajista da sa ido a kan otal-otal hurumin jihohi ne. Ke nan Kano ba ta buƙatar jiran Abuja. Wasu biranen sun yi nisa: daga Satumban 2023 New York ta wajabta rajista ga mai ba da hayar ƙasa da kwana 30, Barcelona kuwa ta sanar a 2024 cewa lasisin gidaje kusan 10,000 zai ƙare a 2028.

Sai dai gidan da ake tallatawa a Airbnb ko Instagram dama can ba na leburan majema ba ne. Wanda ke aiki a majemun Challawa yana neman ɗaki ɗaya ko ciki da falo a Panshekara ko Kumbotso. Na Sharaɗa ya nufi Ja'en. Na Bompai ya gangara Dakata, Gama ko Tudun Murtala. Can zai tarar da kuɗin shekara a dunƙule, ga la'adar dillali, alhali mafi ƙarancin albashin da jihar ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne, kuma ma'aikacin wucin-gadi ba lallai ya ga ko wannan ba. In ya matsa bayan gari don sauƙi, A Daidaita Sahu ta cinye rarar, musamman bayan cire tallafin mai a 2023.

Tushen matsalar ya girmi intanet. An yanka wa masana'antu filaye, amma aka bar ma'aikatansu su nema wa kansu makwanci a unguwannin awon igiya. Rukunin gidajen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo, da aka gina tsakanin 2011 da 2015, sun fi ƙarfin aljihun mai juya inji, da yawansu ma sun shafe shekaru babu kowa a ciki.

Rajistar gidajen hayar kwana-kwana abu ne da ya kamata, ko don tsaro da haraji, kuma KNUPDA na da ta cewa idan gidan zama ya koma masauki. Amma abin da zai taɓa ma'aikacin Sharaɗa kai tsaye shi ne fili mai ruwa da magudana kusa da wurin aikinsa, da damar biyan haya wata-wata.