Tada tsohon injin kafinta a ƙasar Arewa

Daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Kore Mai Ruwa zuwa Tibiri, katakon da kafinta ke aiki da shi baƙo ne. Itatuwan da ke tsaye a gonakin Dallol Mawri na masassaƙi ne mai gizago, shi ke fid da turmi da ƙota da akushi. Gawo kuwa doka ta hana a sare shi. Katakon gadon amarya da ƙofa da bencin lakkwal sai an ɗauko shi daga kurmi, ta Najeriya ko Benin ko Gana. Ya sha hanya, ya ci kuɗin mota, kuma yakan iso a karkace da kaushin zarton da ya tsaga shi. Wanda ya iya miƙe shi ya daidaita kaurinsa ba tare da ɓarna ba, shi ke cin riba.

Nan ne darajar injin nan da kafintocin Nijar ke kira kombine take. Jiki ɗaya ne na zubin ƙarfe, amma aiki biyar yake yi: yana tsaga katako da zarto mai zagaye, yana miƙe fuska, yana daidaita kauri, yana huda ramin haɗi, yana kuma fid da ado a gefen katako da abin da ake kira tupi. Kamfanoni irin su Lurem na garin Domfront a Faransa, da Guilliet na Auxerre, da Robland na Bruges a Beljiyam, da SCM na Rimini a Italiya, sun ƙera irinsa ne domin ƙaramin kafintan da ba shi da filin ajiye injuna biyar. Zaure ko rumfar ƙofar gida ta ishe shi. Na hannu ne suka fi iso mana, ta Kwatano da Lome, kuma da aka rufe gadar Gaya a 2023 hanyar ta ƙara tsawo da tsada. Don haka wanda ya ga ɗaya ya yi tsatsa a bayan wani shago, kada ya yi saurin cewa kayan gwangwan ne.

Abu ɗaya zai duba kafin ya yi ciniki: teburan injin. A ɗora madaidaicin ƙarfe a kansu, tsaye da kwance da kusurwa zuwa kusurwa, a leƙa ko haske na ratsawa ta ƙasa. Idan tebur ya lotsa, ko ya tsage, ko an taɓa yi masa walda ya murɗe, a bar injin ga mai shi ko da kyauta ya bayar, domin katakon da ya bi ta kan karkataccen tebur a karkace zai fito har abada. Idan kuwa teburan suna nan shimfiɗe, an samu inji. Duk sauran abin da ke jikinsa ana saye ko a ƙera.

Tsatsa ba ta da zurfi a ƙasa mai bushewa irin tamu; wannan alheri ne da tsohon ƙarfe ke samu a Arewa wanda ba ya samu a bakin teku. Kalanzir ko gas, da lallausar takardar goge katako a naɗe a madaidaicin itace, da haƙuri, sun isa. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a ga an ɗauko injin gurza ƙarfe na masu walda an bi fuskar tebur da shi don a gama da wuri. Yana fid da ƙyalli nan take, yana kuma haƙa ramukan da ido ba ya gani, wato ya kashe abu ɗayan da aka sayi injin dominsa. Ainihin abokin gabarmu ƙurar hunturu ce: tana haɗuwa da tsohon giris ta daskare a kan zaren da ke ɗaga tebur, tana cinye boris. Sa'ar da aka yi, boris lamba gare shi ta duniya. 6204 ko 6205 da aka zare daga injin Faransa shi ne dai wanda ake sa wa injin niƙa da injin ban ruwa, mai kayan gyara a kasuwar Dogon Dutsi ko Birnin Kabi ya san shi.

Wuƙaƙen miƙe fuska su ke son nutsuwa. Gangar da ke ɗauke da su tana juyawa wajen sau 5,000 a minti, saboda haka dole nauyinsu ya zo ɗaya, tsayinsu ya zo ɗaya, kuma kaifinsu ya yi daidai da fuskar teburin da katako ke fita ta kansa. Ba sai da ma'auni mai tsada ba. A kwantar da miƙaƙƙen itace a kan teburin, a juya gangar da hannu, wuta a kashe. Kowace wuƙa ta ja itacen gaba da milimita 2 ko 3, a dama da hagu. In ta zarce haka, ƙarshen katako zai fito da rami. In ta gaza, katako zai riƙa tokarewa.

Sai babbar magana, wuta. Yawancin injunan nan moto mai layi uku gare su, na bolt 380, alhali mitar da NIGELEC ke sa wa gida layi ɗaya ce mai 220. Mai naɗin waya yana iya sauya haɗin moto ya ƙara masa kondensa ya tashi a wutar gida, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ya tafi, kuma jan katako mai tauri zai tona asirin hakan. Ga kuma ita kanta wutar. Yammacin Nijar ya daɗe yana dogaro da layin da ya taso daga Birnin Kabi tun 1976, kuma kowa ya ga yadda aka kwana da Najeriya ta yanke shi a Agustan 2023, ba a mayar ba sai a 2024. A ƙauyukan da waya ba ta kai ba, a ganina gara a ja injin da bel daga injin gas irin na masu niƙa, muddin an auna girman ƙafafun bel ɗin don gudun ya zo daidai. Bakanikensa yana kowace kasuwa.

Akwai abin da tsofaffin injuna kusan ba sa isowa da shi: murfin gangar wuƙaƙe, da murfin tupi, da siririn ƙarfen da ke tsaye a bayan zarto yana hana katako matse shi ya dawo wa mutum a ƙirji. An cire su tun can an yar, wai suna rage sauri. A zauren gida kuwa ba maigida kaɗai ke kusa da inji ba. Akwai yaron shago ɗan shekara goma sha biyu, akwai ƴaƴan maƙwabta da ƙara ke jawowa. Mai walda zai yanka waɗannan ƙarafa daga guntun faranti cikin yini guda, sai dai ƙarfen bayan zarto ya fi jikin zarton kauri kaɗan, kada kuma ya kai faɗin tsagar da haƙoran ke yi. Tupi ya fi kowane sashe cin yatsu, kuma ra'ayina shi ne a cire masa bel a rataye har ranar da aka ƙera masa murfi, ko da sauran sassan huɗu sun fara kawo kuɗi.