Injin shara da dutsen niƙa: Wace na'ura ce ta hutar da iyayenmu mata?

Duk wanda ya saba ratsa layin masu gyaran rediyo da fanka a kasuwar Damazin ya san irin tarkacen da ake jibgewa a bakin shagunan nan. Kwanan baya mun kai wata rikoda gyara, muna zaune a benci muna jiran mai shago ya gama da wanda ya riga mu, sai idonmu ya faɗa kan wani abu mai kama da tulu, ga doguwar mesa ta fito daga cikinsa kamar hancin giwa, ƙura ta rufe shi har da ƙyar ake karanta sunan Hoover da ke jikinsa. Da muka tambaya sai aka ce mana ai injin shara ne. Wani bawan Allah da ya yi aiki a Jidda ne ya kawo wa maiɗakinsa tsaraba tun zamanin Numeiri, kuma har ya tsufa ya lalace ba a yi shara da shi sau goma ba. Dalili kuwa a fili yake. Ɗakin matar daɓen ƙasa ne da tabarma, tsakar gidan rairayi ne, wutar lantarki kuma sai ranar da ta ga dama.

Wannan abu ya tsaya mana a rai, har ya sa muka bi diddigin wannan inji, domin a can inda aka ƙera shi an taɓa cika kunnen mata da cewa shi ne zai raba su da wahala.

Wani injiniya ɗan Ingila mai suna Hubert Cecil Booth ne ya fito da injin tsotsar ƙura a Landan cikin 1901. Nasa ƙato ne, doki ke jan sa, a tsayar da shi a bakin titi a zura mesa ta taga, kuma maza ma'aikata ne ke riƙe da mesar. Da shi aka share dardumar cocin Westminster kafin naɗin Sarki Edward na Bakwai a 1902. Ƙaramin da ake turawa da hannu kuwa, wani mai shara ne a wani babban kanti a garin Canton na jihar Ohio ta Amurka ya haɗa shi, sunansa James Murray Spangler. Ciwon asma ne ya dame shi, ƙura na tayar masa da shi, sai ya haɗa ƙaramin inji da farfela da sandar tsintsiya da rigar matashin kai don tara ƙurar. A 1908 ya sami takardar mallakar fasahar, amma da yake ba shi da jari sai ya sayar wa William Hoover, wani mai sana'ar fata da kayan doki. Daga nan sunan Hoover ya bi duniya, har ta kai a Ingila in mutum zai ce ya share ɗaki da inji, da wannan sunan yake faɗa. Kamfanin Electrolux na ƙasar Suwidin, wanda aka kafa a 1919, shi ma ya shigo kasuwar da nasa samfurin mai kwance a ƙasa.

Abin lura a nan shi ne, namiji ne ya ƙirƙiro injin don ya sauƙaƙa wa kansa aikin da ake biyan sa a kai. Masu talla ne suka ɗauke shi suka damƙa a hannun matar aure.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wato daga 1945 zuwa cikin shekarun 1960, mujallun Amurka da Ingila sun cika da hoton mace iri ɗaya. Ta ci ado, ta gyara gashi, ta sa takalmi mai tsini, tana tura injin shara tana murmushi kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Wasu tallace-tallacen ma ba da ita suke magana ba, da maigidan suke, ana ba shi shawarar ya saya mata injin a matsayin kyautar Kirsimeti. 'Yan kamasho kuma suna bin gida-gida, su zuba datti a kan dardumar matar gida da gangan, su tsotse shi a gabanta, sannan su buɗe jakar su nuna mata ƙurar da ta daɗe tana kwana a kai ba ta sani ba. Ko shakka babu wannan dabara ta fi kowace cin kasuwa, domin kunya suke fara sayar mata kafin su sayar mata da inji. Maganar ta kai har fagen siyasa. A watan Yulin 1959, a wani baje koli a Mosko, Mataimakin Shugaban Amurka Richard Nixon da shugaban Tarayyar Sobiyet Nikita Khrushchev sun tsaya a gaban wani madafin gwaji suna musu kan wace ƙasa ce ta fi hutar da matanta.

To, sun huta ɗin? Wata mai bincike, Joann Vanek, ta tattara alƙaluman da aka daɗe ana ɗauka na yadda matan Amurka ke cin lokacinsu, ta wallafa sakamakon a 1974. Matar da ba ta fita aiki tana yin kimanin awa 52 a mako kan aikin gida a shekarun 1920. A shekarun 1960, bayan firji da injin wanki da injin shara sun cika gidaje, awa 55 take yi. Betty Friedan ta riga ta yi ƙorafi a littafinta na 1963 cewa masu talla na da riba a zaman mace cikin gida tana goge abin da ta goge jiya. Ita kuwa masaniyar tarihi Ruth Schwartz Cowan, a littafinta mai suna More Work for Mother na 1983, ta fayyace yadda abin ya faru. A da, jefi-jefi ake fitar da darduma waje a kakkaɓe ta, kuma maza da yara da barori ne ke taya wannan aiki. Da inji ya zo, sai barori suka tafi, maigida da yara suka zame, aka kuma ɗaga ma'aunin tsabta, abin da ake yi sau biyu a shekara ya koma na kowane mako, duk a kan mace ɗaya. Bahaushe na da sunan wannan tun tuni: hutun jaki da kaya a ka.

Yanzu bari mu dawo gida, mu duba abin da iyayenmu da kakanninmu mata ke yi a daidai waɗancan shekaru, a Mai Wurno da ƙauyukan bakin kogi daga Sinnar zuwa Rusairis, da kuma sansanonin leburori na Jazira. Kakanninsu sun baro ƙasar Hausa, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903 tare da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wasu kuma a hanyar hajji suka yada zango zaman ya ɗore. Da madatsar Sinnar ta kammala a 1925 aka buɗe noman audugar Jazira, hannun mutanenmu na cikin waɗanda suka riƙe ta, kuma lokacin tsinkar auduga mata da yara da yawa a gona suke yini.

Mace a lokacin tana tashi tun kafin kiran assalatu. Ta surfa dawa a turmi, ta wanke, ta durƙusa a gaban dutsen niƙa, wanda maƙwabtanmu Larabawa ke kira murhaka. Wanda bai taɓa gani ba ba zai gane nauyin aikin ba: gwiwa a ƙasa, baya a sunkuye, ana tura ɗan dutse gaba da baya har garin da zai ciyar da gida guda ya taru, wani lokaci a sake maimaitawa don ya yi laushi. Tsofaffin da muka taso muka tarar, a tafin hannunsu da gwiwoyinsu ake ganin shaidar dutsen. Bayan niƙa ga ruwa daga kogi ko magudanar gona, ga itace, ga tuƙin tuwo, ga wadda ta koyi kisra tana zaune gaban doka hayaƙi na cin idonta. Shara kuwa ita ce ƙaramar aiki a cikinsu, duk da cewa ba ta ƙarewa. Safe da yamma ake yi, a yayyafa ruwa a bi da gajeriyar tsintsiya a duƙe, in habub ya taso gabanin damina a wayi gari kamar ba a taɓa yi ba. Da dare ne kawai ake hutawa, shi ma don camfin da ya hana shara bayan magariba, kuma mu dai muna zargin wata mai hikima ce ta ƙirƙiro camfin don ta samu ta miƙe bayanta.

A shirin mata da muke gabatarwa a rediyo mun jefa wa masu sauraro tambayar da ke kan wannan rubutu. Ba mu sami ko mace ɗaya da ta ambaci injin shara ba. Kusan duk amsar ɗaya ce: injin niƙa, wato ɗahuna. Bayansa sai famfo, sai keken ɗinki, sai murhun gas ga waɗanda Allah ya hore wa.

A ganinmu a nan ne labarin namu ya rabu da na matan Amurka. Injin shara ya shiga cikin gida ya ɗora wa mace aikin da a da ake raba mata. Injin niƙa kuwa fitar da aiki ya yi daga cikin gida ya kai shi bakin kasuwa. Da zarar niƙa ta zama abin da ake biyan kuɗi a kai, sai ga maza sun karɓe ta, su ne masu injin, su ne masu zuba hatsi, yaro ne ke kaiwa a ka ko a jaki. Haka ruwa: ranar da ya hau amalanken jaki ya zama na sayarwa, ya tashi daga aikin mata. Babu wanda ya buga hoton mace mai murmushi a gaban injin niƙa, babu ɗan kamashon da ya bi gida-gida, ƙararsa kaɗai ta ishe shi talla. An yi asarar waƙoƙin niƙa, gaskiya ne, kuma mu 'yan rediyo mun fi kowa jin zafin haka, amma har yau ba mu ga tsohuwar da ta ce a dawo mata da dutsen don ta yi waƙa ba.

Sai dai kada mu yi saurin tafawa. Lokacin da inji ya rage wa iyayenmu, ba kwanciya suka yi da shi ba. Sana'a suka zuba a ciki: ƙosai, ƙuli-ƙuli, godo-godo, da dakuwar gyaɗa wadda yau duk Sudan ke ci da sunanta na Hausa. Matar da ke kulle kuma ba ita ke kai kaya kasuwa ba, 'yarta ce. Abin mamaki, kalma ɗaya muke da ita ga abin da kamfanin Hoover ke bugawa a mujalla da abin da yarinya 'yar shekara tara ke ɗauka a faranti, duka talla ne. Na farkon ya tsare uwa a gida, na biyun ya hana 'ya zuwa makaranta. Ƙungiyar Matan Sudan da aka kafa a 1952, da mujallarta Sautul Mar'a wadda Fatima Ahmed Ibrahim ta jagoranta daga 1955, sun yi ta kiran a koya wa mata karatu, ita Fatima har ta zama mace ta farko a majalisar dokokin ƙasar a 1965. Amma muryar ta fi ƙarfi a Khartoum da Omdurman, kafin ta iso ƙauyukanmu ta dushe.

Batun wuta kuwa, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Garin Damazin kansa aikin madatsar Rusairis ne ya raya shi. An kammala ta a 1966, aka sa mata injinan lantarki a 1971, aka ƙara mata tsayin mita 10 a 2013. Shekara da shekaru manyan wayoyi na ratsawa ta saman ƙauyukanmu suna kai haske babban birni, mata na ƙasa suna hura itace. Wane talla za a yi wa matar da ba ta da inda za ta soka waya?

Duk da haka tallan ya iso, ta wata ƙofar. Daga shekarun 1970 masu zuwa aiki Saudiyya suka fara dawowa da darduma mai rufe ɗaki duka da kayan lantarki, daga baya tasoshin tauraron ɗan'adam suka shigo da tasu mace mai murmushi, wannan karon da ɗankwali. Kayan ɗakin amarya suka canza. Inda a da ake jera tasoshi da kwalla, yanzu ana son a ga na'ura ko da ba za ta taɓa aiki ba, uba ya ci bashi, a jera ta a rufe da leda, amarya kuma ta sami ƙarin abin gogewa kowace safiya. Wurin da muka fi ganin injin shara na aiki tsakani da Allah a garin nan shi ne manyan masallatai, inda ladan ko samari ke bin dardumar da shi kafin Juma'a, babu mai jin an rage masa girma. Su waɗannan samarin, in sun koma gida, da wuya a ga ɗayansu ya ɗauki tsintsiya.

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya sake tona wannan magana. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023 har zuwa Janairun 2025, aka wawashe gidaje a faɗin Jazira, firji da talabijin na cikin abin da aka fara lodawa. Da Sinja ta faɗi a tsakiyar 2024 hanyar da ke haɗa mu da arewa ta toshe na tsawon watanni, man dizal ya yi wuya, kuma da idonmu mun ga matan da aka haifa bayan zuwan injin niƙa sun koma turmi da taɓarya, wasu suna tambayar tsofaffi yadda ake riƙe ɗan dutse. Masu komawa gidajensu kuma sai sun zauna sun yi lissafin abin da za a fara saya da ɗan abin da ya rage, kuma a gidaje da yawa maza ne ke yin wannan lissafi su kaɗai.

Da muka koma karɓar rikodarmu mun tarar mai shagon ya farke cikin tsohon Hoover ɗin. Ya ce injin cikinsa da sauran rai, wani maƙeri ya riga ya biya kuɗinsa zai mai da shi abin hura wuta a madadin zugazugi. Mesar kuma wata mata ta roƙa, za ta riƙa zuƙo ruwa da ita daga ganga.