Kafin Farar Riga

Ɗalibaina sukan yi mamaki in na gaya musu cewa a Amurka ba a faɗa wa karatun likita kai tsaye daga sakandare. Sai ka yi digiri na shekara 4, ka zauna jarrabawar MCAT mai cin fiye da awa 7, sannan ka nemi makarantar likitanci, ita ma shekara 4. Da yawa bayoloji suke karantawa a digirin farko, ko da yake ba tilas ba ne. Mai digirin tarihi ma ana ɗaukarsa in ya cika darussan kimiyya.

Mu a Nijeriya JAMB ce ƙofa, sai shekara 6, ko a Zariya ko a Kano ko wani wuri. Shekarar farkon nan ta bayoloji da kemistiri da fizis yara ke rainawa, abin kuwa yana damuna. Nakan tsaya bayan ɗaliba tana ɗiga aidin a kan siririn ɓawon albasa, tana murɗa madubin likita a hankali, har ƙwayoyin halitta su fito a jere kamar bulo. Daga nan nake nuna mata yadda ƙwaya ɗaya ke rabuwa biyu, domin ciwon daji rabuwar nan ce in ta ƙi tsayawa. Mai hadda kawai, ranar wannan darasi zai sha wuya.