UWARGIDA, MOTSA JIKI: ABIN DA LIKITOCI SUKA GANO A KAN WASAN TANIS

Uwargida, kafin layi ya zo kanki, karanta wannan. In ba ki iya karatu ba, ce wa malamar asibiti ta karanta miki.

Mene ne tanis?

Wasa ne na mutum biyu ko huɗu. Ana ɗaura raga a tsakiyar fili, kowa ya riƙe abin bugu mai saƙa, a dinga mayar wa juna 'yar ƙaramar ƙwallo. Mai yin sa ya kan yi gudu, ya tsaya, ya yi tsalle, ya sake gudu.

Me binciken ya nuna?

A birnin Kofanhagan na ƙasar Danmak, likitoci sun bi lafiyar mutum 8,577 har wajen shekara 25. A 2018 suka fid da sakamako. Da aka gwada da masu zama wuri ɗaya, masu tanis sun fi su tsawon rai da shekara 9.7, watau kusan goma. Masu ƙwallon ƙafa sun fi su da shekara 4.7, masu hawan keke 3.7, masu iyo 3.4.

Likitocin ba su ce tanis kaɗai ya jawo haka ba, gama abinci da wadata da ilmi su ma suna da hannu a lafiyar mutum. Amma sun lura da abu guda: wasannin da a ke yi da abokin wasa su ne a kan gaba. Suna ganin haɗuwa da mutane da hira su ma suna taimako.

Ga kuma wanda ya shafi 'yarki. A 1995 masana a ƙasar Finlan suka auna ƙashin matan da ke buga tanis da wani wasa irinsa. Hannun da su ke bugu da shi ya fi ɗaya hannun ƙwarin ƙashi. Waɗanda suka soma wasan kafin su fara al'ada kuwa, ribar da ƙashinsu ya samu ta kai ninki biyu na waɗanda suka soma daga baya. Ashe da ƙuruciya ƙashi ya fi ginuwa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

To, in babu filin tanis fa?

Kada ki damu. Abin da jiki ke so shi ne zuciya ta ƙara bugawa, numfashi ya ɗan hau, ƙashi ya ɗauki nauyi. Wannan yana rage haɗarin hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da wannan ma'auni:

1. Babba: aƙalla minti 150 a mako, watau rabin sa'a, kwana biyar.
2. Mai ciki da mai jego, in lafiyarsu lau: su ma minti 150 a mako, a hankali.
3. Yaro ko yarinya, daga shekara 5 zuwa 17: sa'a guda kowace rana.

Abin da za ki yi

Nemi abokiyar tafiya, ko maƙwabciya ko ƙanwa. Ku yi tafiya da sauri da sanyin safiya ko da la'asar, ko da zagayen tsakar gida ne. In kina iya magana amma ba ki iya rera waƙa, to, saurin ya yi daidai.

Bar yara su yi langa da ƙwallo da tsallen igiya da gaɗa. Kada aikin gida da talla su cinye wa yarinya lokacin wasanta.

Hattara!

Mai ciki ta fara tambaya a wurin awo. In kin ga jini, ko ruwa ya zubo, ko kin ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko ciwon mara, tsaya nan take ki zo asibiti. Wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa ta jira izinin likita. Mai hawan jini ko ciwon suga kada ta bar shan maganinta don ta soma motsa jiki. Ki sha ruwa sosai, ki guji tsakar rana.

KI TUNA: RIGAKAFI YA FI MAGANI.

Ma'aikatar Lafiya ta Jiha, Sashen Ilmin Kiwon Lafiya