Shari'ar Maita a Salem: Gargaɗi ga Makiyayan Ikilisiya

A 1953 Arthur Miller ya fitar da wasan kwaikwayo The Crucible, kan shari'ar maita ta 1692 a Salem, Amurka, inda aka rataye mutum 19. Hannunka-mai-sanda ne ga zamanin Sanata McCarthy, lokacin da zargin kwaminisanci kaɗai kan ɓata sunan mutum.

A wasan, shari'a ta kife: wanda ya amsa laifin da bai yi ba ya tsira, wanda ya riƙe gaskiya ya mutu. Malaman coci ma suka hura wutar, suna zaton Allah suke wa aiki.

Idan aka kawo mana tsohuwa da zargin maita, mu tuna Maimaitawar Shari'a 19:15-19: shaida ɗaya bai isa ba, a bincike mai zargin shi ma.