Abin da Maharbi Ke Ɗurawa a Bindigarsa a Bakin Dajin Rugu

A ƙasar Batsari da Safana, daga Darini zuwa Runka da Ruma, in aka yabi maharbi sai a ce ya iya bin sawu, ya san inda iska ke kaɗawa, ya san mashayar dabba a tsakiyar rani. Ba a cika tambayar me ya ɗura a bindigarsa ba. Alhali abin da ke fita daga bakin bindigar nan shi ne zai sa dabba ta faɗi nan take ko ta tsere da rauni ta je ta ruɓe a cikin sarƙaƙiya. Shi ne kuma zai biyo nama har cikin tukunyar gida. Ni a ganina wannan tambaya ta fi ta gwanintar saiti nauyi.

Namun dajin wannan yanki ba girmansu ɗaya ba. Gada ba ta cika wuce kilo 20 ba. Barewa, wadda a yanzu Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sa ta cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, takan kai kilo 25 zuwa 30. Mazo ya fi su jiki, gwanki kuwa yakan haura kilo 250. Tsofaffin maharba na zamanin kwari da baka sun san wannan bambanci sarai. Kibiyar da ake shafa wa dafin ƙwanƙwani don babbar dabba daban take da ta zomo da fakara. Da bindigar toka ta karɓi wurin baka, sai wannan tsantseni ya ragu. Albarushi ɗaya, tarkacen ƙarfe ɗaya, duk abin da ya gifta a sakar masa.

A ƙasashen da farautar barewar Turai mai rassan ƙaho ta zama al'ada, ba a bar wa maharbi zaɓin shi kaɗai ba. Dokar Barewa ta Ingila ta 1991 ta hana harbin manyan bareyi da bindigar da faɗin bakinta bai kai inci 0.240 ba, ta kuma ƙayyade mafi ƙarancin ƙarfin da harsashi zai fita da shi. Abin da ya fi jan hankali shi ne ta wajabta harsashi mai taushin kai ko mai rami a goshi, wato irin wanda ke buɗewa idan ya shiga jiki. Dalilin a bayyane yake. Harsashin da ya buɗe yana sauke ƙarfinsa duka a ƙirjin dabba, ya lalata huhu da zuciya, ta mutu cikin daƙiƙoƙi. Shi ya sa maharban Amurka da Turai ke ta muhawara a kan nau'o'in harsashi irin su .243 Winchester da ya fito a 1955, da .270 na 1925, da tsohon .30-06 na 1906: kowa na neman wanda zai kashe da sauri ba tare da ya dagargaza naman ba.

Harsashin soja akasin haka aka ƙera shi. Tun Yarjejeniyar Hague ta 1899 aka haramta harsashi mai buɗewa a fagen yaƙi, don haka na soja a lulluɓe yake da ƙarfe tun daga goshi. Sau da yawa yakan ratsa ƙaramar dabba ya wuce, ta ci gaba da gudu da huji a ciki, shi kuma ya ci gaba da tafiya ya sami wanda ba a nufa ba. Wannan shi ne irin harsashin da ya cika Dajin Rugu a hannun 'yan bindiga a shekarun nan. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigogin soja masu faɗin baki milimita 7.62 cikin haramtattu. Bindigar farauta ta zamani, mai baki ɗaya ko biyu, sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, bindigar toka kuwa Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da izininta. Saboda haka maharbin Darini mai bin doka, zaɓinsa tsakanin bindigar toka ne da mai harba ƙwayoyi, kuma dukkansu makaman kusa ne. Wanda ya harbi mazo daga nesa da ƙananan ƙwayoyin da aka yi don zabon daji, bai yi farauta ba, azabtarwa ya yi.

Malamanmu sun riga masana dabbobi duba wannan batu. Aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta haramta dabbar da duka ya kashe. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, an bambanta makamin da ya huda dabba da kaifinsa, wanda ake cin abin da ya kashe, da wanda ya buge ta da gefensa, wanda ba a ci. A kan haka ne malaman farko suka hana cin abin da dunƙulen yumɓu ya kashe. Da bindiga ta bayyana, malaman Malikiyya na baya, cikinsu har da na birnin Fas, suka halatta abin da harsashin dalma ya kashe idan an ambaci sunan Allah, domin yana hudawa yana zubar da jini. Ke nan ko a fiƙihu, irin abin da aka harba yana da hukunci.

Sai dai dalmar nan da ta warware matsalar halacci ita ce ta kawo wata matsalar, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya. Dalma tana da taushi. Idan ta bugi ƙashi da gudu sai ta farfashe, ɓurɓushinta ya watsu a cikin tsoka, wani ƙanƙantarsa ta kai ido ba ya gani, haƙori ba ya ji. A 2008 hukumomi a jihohin Dakota ta Arewa da Minnesota a Amurka suka janye naman barewa da maharba suka bayar sadaka ga mabuƙata, bayan hoton asibiti ya nuna ɓurɓushin dalma a cikinsa. Dahuwa ba ta kashe wannan guba. Miya mai tsami ma taimaka mata take yi ta narke, jiki ya fi saurin shanye ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa, kuma yara ƙanana da masu juna biyu ne suka fi cutuwa, domin ƙwaƙwalwa mai tasowa take taɓawa.

Mutanen yammacin Katsina ba sa bukatar a je da su Amurka kafin su gane haka. Bayan dajin nan, a Zamfara, a 2010, gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta. Gaskiya ne adadin da ke cikin naman farauta bai kusanci na wancan bala'i ba. Amma maharbin da ke narka dalmar tsohon batir a tsakar gida, kusa da murhu da turmi da yara masu rarrafe, ya buɗe wa gubar ƙofa iri ɗaya. Hayaƙin da ƙurar suna nan bayan an gama aikin.

Dabbar da ta tsere da dalma a jiki, da kayan cikin da aka zubar a daji, ungulu ke cinye su. Mutuwar wata babbar ungulu da ta kusa ƙarewa ce ta sa jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya daga Yulin 2019. Denmak ta hana ƙwayoyin dalma tun 1996. Maharban Kalifoniya da dama sun koma harsashin jan ƙarfe, wanda ke buɗewa ba tare da ya farfashe ba. Ungulun da muka saba gani a mahautanmu, tun 2015 take cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Cinikin sassan jikinta da guba ne manyan dalilai, amma ba ta da sauran yawan da za ta ɗauki ƙarin asara.

Harsashin jan ƙarfe yana da tsada, kuma ba abin da ɗan ƙauye zai samu a kasuwar Batsari ba ne. Maharba da yawa ma sun daina shiga Rugu, wasu sun koma aikin tsaron garuruwansu. Duk da haka akwai abin da ke hannu tun yanzu. Sarkin Baka na kowane gari yana da bakin da zai hana harbin nesa, da harbin mace mai ciki, da narka dalma a cikin gida. Mahauci da uwargida za su iya yanke naman da ke kewaye da raunin, da faɗi sosai, su binne shi maimakon jefa wa kare ko kaji. Ma'aikatan asibitocin Batsari da Safana kuwa, idan aka kawo musu yaro mai ciwon ciki da kasala da jijjiga wanda maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi masa aiki ba, ya kamata cikin tambayoyinsu su sa wannan: a gidan akwai maharbi, kuma a ina yake haɗa harsashinsa?