Gidan Abdullahin Gwandu: Malamin da Ya Gudu Ya Bar Mulki

Shirinmu na yau daga ƙasar Gwandu yake zuwa muku, da gaisuwa ga mutanen Dodoru, Kambaza da Dalijan, da 'yan'uwa na Kalgo. Duk wanda ya tashi a waɗannan garuruwa ya san hubbaren da ke Gwandu, ya kuma san mai shi: Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu. Salsalarsa za mu bi, daga kakannin da suka haife shi zuwa jikokin da suka gaje shi.

Asalin gidan Torankawa ne, Fulanin da aka sani da karatu. Kakansu na nesa, Musa Jokollo, shi ya taso da jama'arsa daga Futa Toro, a Senegal ta yau, ya sauka Birnin Ƙonni. Daga shi ake jero sunaye har a iso kan Haruna, da Salihu, da Usmanu, sai Muhammadu wanda ake wa laƙabi da Fodiyo, mahaifin Shehu da Abdullahi. Akwai riwayar da ke ƙara jan igiyar har zuwa Uƙubatu, jarumin Larabawa, Abdullahi da kansa ya kawo ta, ko da yake masana tarihi na zamani ba su ɗauke ta hujja ba.

An haife shi wajen 1766, Shehu ya ba shi kimanin shekara 12. Da ya zauna rubuta tarihin kansa a littafin Ida'un Nusukhi, malamansa ya jera ɗaya bayan ɗaya, da littafin da ya ɗauka wurin kowanne. Na farko mahaifinsa, a wurinsa ya yi Alƙur'ani. Sai yayansa Shehu, sai kawunnai da baffanni, sai Malam Jibrilu ɗan Umaru. A wannan gida dangi da malamai kusan duk mutane ɗaya ne.

Tun yana saurayi yake bin Shehu yawon wa'azi a Kabi da Zamfara. Lokacin da wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya soki Shehu da waƙa cewa maza da mata na haɗuwa a majalisinsa, Abdullahi aka sa ya mayar da martani. Ya mayar, da waƙar Larabci, yana kafa hujja cewa barin mata cikin jahilci ya fi wancan muni.

Sai takobi ya shigo. An yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, kuma a watan Yuni Abdullahi ne ya ja runduna a Tabkin Kwatto, inda aka karya Yunfa Sarkin Gobir. A 1805 ya ci Birnin Kebbi, jama'a suka dawo Gwandu da zama. Kafin shekarar ta fita aka sha kashi a Alwasa, maƙiya suka biyo su har bakin Gwandu, da kyar aka kore su.

Nan ne labarin ya ɗauki wata hanya. Yaƙi ya cinye manyan malaman da aka fara tafiyar da su. Waɗanda suka cike gurbinsu, a idon Abdullahi, dawaki da manyan riguna da ƙwaraƙwarai da sarautu ne a gabansu. Wajen 1807 ya sulale ya bar runduna, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka. Jagoran yaƙi ne fa, wazirin Shehu, ya bar komai ya kama hanya. Bai wuce Kano ba. Mutanen Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, suka roƙe shi ya rubuta musu yadda ake mulki bisa shari'a, ya rubuta Diya'ul Hukkami, ya karantar da tafsiri, sannan ya juyo gida. Wanda ke son jin zafin da ke ransa a lokacin, ya duba Tazyinul Waraƙati.

A 1812 Shehu ya raba aikin daula: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi, wanda ya zauna Boɗinga. Da Shehu ya rasu a 1817, Bello aka yi wa mubaya'a. Riwayar da ta shahara ta ce Abdullahi ya iso Sakkwato ya tarar an rufe ƙofa, sai ya karkata akalar dokinsa zuwa Gwandu. Baffa da ɗa suka yi shekaru ba sa ga maciji.

Tawayen Kalambaina ne ya haɗa su. Abin ya fi ƙarfin Gwandu, Bello ya kawo ɗauki, aka ci garin. Masu ba da labari sun ce da suka haɗu Bello ya yi niyyar saukowa daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da Sarkin Musulmi. Daga nan ya miƙa yawancin harkokin mulki ga ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, ya koma kan tawada da alƙalami. Ya bar tafsirin Diya'ut Ta'awili, da Kifayatu Du'afa'is Sudan, da Bahrul Muhiɗ a nahawu, da Hisnur Rasin a sarfu, waɗanda har gobe ake buɗewa a zaurukan malamai. Ya rasu a Gwandu a 1829.

To, ina zuriya? A Ingila ta wancan zamani, idan mai sarauta ya mutu, babban ɗansa namiji ke kwashe sarauta da ƙasa, ƙanne su nemi aikin soja ko na coci. A Gwandu karaga a kwance ta riƙa tafiya, daga wa zuwa ƙane. 'Ya'yan Abdullahi biyar suka hau a jere: Muhammadu, Halilu, Haliru, Aliyu da Abdulƙadir. Sai a 1868 sarauta ta sauka kan jikoki.

Halilu ya fi su daɗewa, daga 1833 zuwa 1858, kuma shi ya fi ɗauko halin uban. A zamaninsa sarakunan Ilori da Nupe da Yawuri Gwandu suke duba, haka garuruwan yamma har Liptako, a Burkina Faso ta yau. Amma da Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Gwandu a 1853, sarkin bai yarda sun gana ba, Barth ya rubuta cewa zaman kaɗaici irin na masu ibada yake yi. Baƙon bai fita hannu rabbana ba: a Gwandu ya samu kwafin Tarikhus Sudan, tarihin Songhai da Timbuktu, ya kwafi abin da ya iya, ta nan Turai ta fara sanin littafin.

Zaman bai zo wa 'ya'yan da sauƙi ba. Kabawa sun tashi a 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame, Haliru ya faɗi a fagen fama a 1860, Aliyu ya mayar da mazauninsa Ambursa don ya tsare gaba. Sulhun da ake kira Lafiyar Toga, tsakanin Gwandu da Sarkin Kabi Abdullahi Toga, shi ya ba talakawa damar noma na wasu shekaru.

Turawa sun shigo a 1903. Bayan rikicin Satiru a 1906 suka tuɓe Sarki Muhammadu Bashiru, suka naɗa wani Haliru na daban, fada ta koma Birnin Kebbi, garin da Abdullahi ya ci da yaƙi shekara ɗari da ɗaya kafin nan. Daga gidan ne aka samu Sarki Yahaya, da Haruna Rashid wanda ya yi shekara 41 daga 1954 zuwa 1995, da Mustafa Jokolo, sai Muhammadu Iliyasu Bashar da aka naɗa a 2005, sarki na 20 idan aka fara ƙirga daga Malam Abdullahi.